Akwatin da ba ya son iska: me dokar ƙwadago ta Gana ta ce kan yoyon gas?

Wata ƙanwata 'yar Aboabo da ke aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a nan Kumasi ta same ni da ƙorafi. Silindar gas ɗin wata na'urarsu, da kan kai su wata guda, yanzu ba ta cika sati biyu, tana zargin yoyo take, shi kuma mai gidan aikin ya ce a lallaɓa tukuna. Ta ce, "Yaya, in na ƙi taɓa na'urar nan, kora ta za a yi?"

Na'urar akwati ce rufaffe mai hannayen roba biyu, inda ake renon ƙwayoyin cutar da iskar oksijin ke kashewa ko hana su girma, irin su Clostridium da Bacteroides. Ana cika shi da haɗin gas, galibi naitirojin kashi 80, kabon dayoksaid 10, haidurojin 10, wasu kuma haidurojin 5 kawai suke sawa. A ciki akwai sinadarin faladiyom da ke haɗa haidurojin da duk oksijin da ya saɗaɗo, su zama ruwa.

Dokar Ƙwadago ta 2003, wato doka mai lamba 651, ba ta ambaci wannan akwati da suna ba, amma sashe na 118 ya shafe shi kai tsaye. Wajibin mai gidan aiki ne ya tanadi na'urori marasa haɗari ya kuma riƙa kula da su, ya tsare lafiya wajen amfani da sinadarai da ajiyarsu, ya horar da ma'aikata, ya hana gas mai cutarwa gurɓata wurin aiki. Kayan kariya ma daga aljihunsa za su fito. Wanda ya yi sakaci ba tare da uzuri ba, kotu na iya cin sa tara ko ta ɗaure shi har shekara 3, ko duka biyun.

Binciken yoyon kansa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. A fara da hannayen robar, don nan ne zobe ko farce ke huda su, sai robar bakin ƙofa, sai mahaɗar tiyo da kan silinda. A shafa ruwan sabulu a mahaɗar, in ya fara tashin ƙananan kumfa kamar idon kifi, an kama ɓarawo. Tunda matsin cikin akwatin ya ɗan fi na waje, in aka rufe komai aka ji na'urar na ta ƙara gas a kai a kai, akwai ƙofar ɓoye. Akwai kuma takardun gwaji masu sauya launi da ake ajiyewa a cikin akwatin: ta resazurin kan koma ruwan hoda idan oksijin ya shiga, ta methylene blue kuma ta yi shuɗi. Kada dai kowa ya dogara da hanci. Gas ɗin girki wari aka zuba masa da gangan, haidurojin ba shi da wari ba shi da launi, kuma yana kama wuta da zarar ya kai kashi 4 cikin 100 na iska.

A ganina ƙaramin yoyo ya fi cutar da majiyyaci fiye da ma'aikaci: ƙwayar cutar da aka ɗebo daga jikinsa ta mutu a farantin reno, sakamako ya fito cewa ba a ga komai ba, alhali akwai. Shi ya sa ISO 15189, ma'aunin ƙasa da ƙasa na ɗakunan gwajin lafiya, ya nemi a riƙa kula da kayan aiki bisa umarnin kamfanin da ya ƙera su, a kuma rubuta. Babban yoyo a ƙaramin ɗaki mara taga kuwa wata magana ce, don naitirojin na korar iskar shaƙa shiru.

Nan sashe na 119 ya shigo. Idan ma'aikaci na da ƙwaƙƙwaran dalilin ganin haɗari mai tsanani na dab da rayuwarsa ko lafiyarsa, ya sanar da shugabansa nan take, ya janye jikinsa. Ba a korarsa kan haka, ba a riƙe masa albashi, ba a tilasta masa komawa muddin haɗarin na nan. Amma ƙarewar silinda da wuri kaɗai ba lalle ta kai wannan mizani ba. Na ce mata ta rubuta ranar da aka sa kowace silinda da ranar da ta ƙare, ta ɗauki hoton kumfar, ta miƙa rahoto a rubuce ta ajiye kwafi. In har hatsari ya auku, sashe na 120 ya ba mai gidan aiki kwana 7 ya kai rahoto ga hukuma.