Ciwon Cikin da Ba Ya Zuwa Ranar Asabar

Wata uwa ta kawo mini ɗanta mai shekara tara a asibitin sha-ka-tafi da nake aiki a yankin Auyo. Kullum da safe cikinsa ke murɗawa, wani lokacin har da amai. Mun auna jini, babu zazzaɓin cizon sauro. Mun ba shi maganin tsutsar ciki, shiru. Sai na tambaye ta ko ciwon na tashi ranar Asabar. Ta yi jim, ta ce, "Malama, Asabar da Lahadi kam garau yake, har fadama yake bin yayyensa."

Na roƙe ta ta ba mu wuri. Yaron yana murza bakin rigarsa, da kyar ya faɗa mini. I'ina gare shi. In malam ya ce ya tashi ya yi karatu, sai aji ya kwashe da dariya, wasu su yi ta kwaikwayonsa har hanyar gida. In an tashi tara, shi kaɗai yake zama a bayan aji.

Iyaye, wannan ba ƙiwa ba ce. Yaro bai iya cewa "ina cikin damuwa" ba, sai jikinsa ya faɗa: ciwon ciki, ciwon kai, fitsarin kwance bayan ya daina, ƙin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa suna somawa ne kafin shekara 14, wato yaran da ke zaune kan tabarma a azuzuwanmu. Kafin a ɗauko bulala, a zaunar da shi a tambaye shi da wa yake wasa.

Malamai, ina roƙonku, ku bar kiran yaro daƙiƙi. Abin da kuka kira shi, da shi 'yan ajin za su bi shi. Ku kira shi da sunansa, ku ba shi riƙon alli ko goge allo. Mai farfaɗiya kuma kada a gudu a bar shi. Yawunsa ba ya sa wa kowa cutar.

In yaro ya yi makonni ba barci, ko yana maganar mutuwa, a kawo mana shi ranar. Abin da ya fi ƙarfinmu muna turawa asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure.

Shi wannan yaron, hedimasta ya dawo da shi layin gaba, malaminsa kuma yana sauraron karatunsa su biyu kafin a shiga aji.