Zaɓen manhajar gyara rubutu

Manhajar gyara rubutu, wadda masu harkar kwamfuta ke kira edita, ita ce wadda ke adana tsagwaron rubutu, wato haruffa da alamomi kaɗai, ba tare da bayanan ado irin su girman harafi ko faɗin shafi ba. Nan ta sha bamban da Microsoft Word da makamantansa, shi ya sa ba a rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, a cikinsu. Abin da ya kamata ya jagoranci zaɓe shi ne inda rubutun zai tafi da kuma ƙarfin na'urar da ake aiki a kanta.

Ga ƙaramin aiki, kamar ajiye 'yan bayanai, Notepad na Windows ya wadatar, sai kuma Notepad++, wanda Don Ho ya fitar a 2003, mai rina sassan kod da launuka. Marubucin da ke shirya maƙala da Markdown, tsarin nuna kanu da sauran fasalin rubutu da alamomi masu sauƙi wanda John Gruber ya ƙirƙiro a 2004, ya fi buƙatar mai duba kuren rubutu da tagar da za ta nuna masa yadda shafin zai fito.

Mai rubuta manhaja kuwa buƙatarsa ta fi yawa: edita da zai nuna masa kuskure tun kafin ya gwada shirin, ya ƙarasa masa sunan da ya fara rubutawa, ya kuma yi aiki da Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen da aka yi wa kod. Visual Studio Code, wanda Microsoft ya fitar a 2015, yana yin waɗannan ta hanyar ƙananan manhajoji da ake ɗora masa, sai dai an gina shi a kan Electron, tsarin da ke amfani da injin burauzar intanet, saboda haka yakan yi wa tsohuwar kwamfuta nauyi. Sublime Text ya fi shi sauƙin ɗauka.

Lamarin yakan sauya idan za a gyara fayil a wata saba mai nisa, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ta hanyar sadarwa, inda babu linzami, sai allon umarni kawai. A nan vi, wanda Bill Joy ya rubuta a 1976, da magajinsa Vim na Bram Moolenaar, wanda ya fito a 1991, suke da daraja, domin da wuya a rasa ɗayansu a na'urar Unix ko Linux. Vim ya raba yanayin shigar da rubutu da yanayin ba da umarni, abin da kan rikita sabon shiga, amma wanda hannunsa ya saba yakan share layi ko sauya kalma da danni biyu ko uku. Emacs ya bi wata hanyar, ana faɗaɗa shi da Lisp, wani yaren rubuta manhaja, shi kuwa nano yana jera umarninsa a ƙasan allo.

Akwai abin da ake yawan sakaci da shi duk da muhimmancinsa, wato tsarin adana haruffa. Fayil ɗin da aka adana da UTF-8 amma aka buɗe da wani tsarin daban yakan mayar da haruffa irin ƙ da ɗ tarkace, kuma Windows na rufe layi da alamomi biyu yayin da Linux ke amfani da ɗaya, don haka ya dace a tabbata editan yana nuna waɗannan saituna kuma yana barin a sauya su.