Rajistar Ma'aikatan Jinya 'Yan Ƙasashen Waje a Birtaniya

Ma'aikaciyar jinyar da ta yi karatunta a wata ƙasa ba ta da ikon kiran kanta nas mai rajista a Birtaniya, ko ta kama aikin da ya dace da wannan matsayi, sai sunanta ya shiga kundin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozomanci ta ƙasar, wadda ake taƙaita sunanta da NMC. An kafa hukumar a 2002, kuma ita ke da alhakin rajistar nas-nas da ungozomomi a Ingila da Sikotilan da Wels da Ireland ta Arewa. Duk wadda ta cika sharuɗɗa akan ba ta lambar rajista ta musamman, kuma wannan lamba ita ce lasisin aikinta. Indiya da Filifin da Najeriya su ne ƙasashe uku da suka fi tura ma'aikatan jinya a shekarun nan, galibinsu mata, har ya kai ga a shekarar lissafi ta 2023 zuwa 2024 kusan rabin sababbin sunayen da suka shiga kundin na waɗanda suka yi karatu a waje ne.

Asali

Dogaron Birtaniya da nas-nas baƙi ya samo asali ne tun kafa Hukumar Lafiya ta Ƙasa, wato NHS, ranar 5 ga Yuli 1948. Asibitoci sun fito daga Yaƙin Duniya na Biyu da ƙarancin ma'aikata, don haka aka shiga neman 'yan mata daga Ireland da tsibiran Karibiyan da wasu ƙasashen da Ingila ke mulka a lokacin. Kofoworola Abeni Pratt, 'yar Legas wadda ta yi karatu a makarantar jinya ta asibitin St Thomas da ke Landan ta kammala a 1950, ita ake lissafawa a matsayin baƙar fata ta farko da ta yi aikin nas a NHS, daga baya kuma ta koma gida har ta zama babbar jami'ar jinya ta tarayyar Najeriya. Da yawa daga cikin waɗanda suka zo a wancan zamani an karkata su zuwa gajeren horo na shekara biyu, wanda ke ba da ƙaramin matsayi da ba ya barin mutum ya hau shugabancin ɗakin marasa lafiya. Ana yawan tuna wannan tarihi a duk lokacin da aka tayar da maganar jinkirin ƙarin girma ga baƙin yau.

Shaidar Turanci

Matakin da ya fi tsayar da masu nema shi ne na harshe. Najeriya da Gana ba sa cikin jerin ƙasashen da NMC ta ɗauka a matsayin masu magana da Turanci a matsayin harshen mafi yawan jama'a, saboda haka nas da ta yi firamare da sakandare da makarantar jinya duka da Turanci, a mafi yawan lokuta sai ta zauna jarrabawar Turanci ta IELTS ko ta OET. A IELTS ana buƙatar maki 7 a karatu da sauraro da magana, da 6.5 a rubutu. An sassauta makin rubutun ne daga 7 a ƙarshen 2018, bayan an ga cewa a nan ƙwararrun ma'aikata suke ta faɗuwa. A OET, wadda aka tsara ta musamman domin ma'aikatan lafiya, ana neman B a sassa uku da C+ a rubutu. Sakamakon yakan yi aiki na shekara biyu kawai. Ba abin mamaki ba ne a sami wadda ta zauna jarrabawar sau uku ko huɗu saboda rabin maki, tana biyan kuɗin da ya kai ko ya zarce albashinta na wata a kowane zama. Daga 2023 hukumar ta fara karɓar shaidar mai ɗaukar aiki a Birtaniya ga wasu da suka gaza da ƙiris, ko waɗanda aka koyar da su da Turanci a ƙasar da ba ta cikin jerin, sai dai wannan sauƙi ya fi amfanar waɗanda suka riga suka shiga ƙasar suna wani aikin kula da marasa lafiya.

Tantancewa daga gida

NMC ba ta wadatuwa da takardun da mai nema ta ɗora da hannunta. Dole hukumar da ta ba ta lasisi a ƙasarta ta tabbatar kai tsaye cewa rajistarta sahihiya ce kuma babu wani hukunci a kanta, a haɗa da shaidar lafiya da ta hali da takardar 'yan sanda. A Najeriya wannan aiki na Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozomanci ta Najeriya ne. A watan Fabrairu 2024 hukumar ta fitar da sababbin ƙa'idoji, ciki har da cewa sai mutum ya yi aikin shekara biyu bayan samun lasisin dindindin kafin a tantance takardunsa ga wata ƙasa. Ma'aikatan jinya sun yi zanga-zanga a Abuja da Legas, Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da ƙa'idojin, kuma shafin tantancewar ya kasance a rufe na tsawon watanni, abin da ya daskarar da takardun mutane da yawa yayin da wa'adin sakamakon jarrabawarsu ke ƙarewa. Magatakardan hukumar na lokacin, Faruk Umar Abubakar, ya kare matakin da cewa nas-nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. A watan Agusta na wannan shekarar gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, a zamanin ministan lafiya Muhammad Ali Pate.

Gwajin ƙwarewa

Tun 2014 NMC take amfani da gwaji mai kashi biyu, kuma ta sabunta shi a watan Agusta 2021. Kashin farko, CBT, jarrabawa ce ta kwamfuta da ake iya zamanta a cibiyoyin kamfanin Pearson VUE a ƙasashe da dama. Tana da tambayoyi 15 na lissafi, galibi na awon magani da gudun ƙarin ruwa, sai tambayoyi 100 kan aikin jinya da dokoki da ɗa'ar sana'a. Mai nema takan zaɓi fanni ɗaya daga huɗu: jinyar manya, ta yara, ta masu larurar ƙwaƙwalwa, ko ta masu naƙasar koyo.

A 2023 NMC ta gano cewa a wata cibiyar jarrabawa da ke Ibadan ana kammala CBT cikin ɗan lokacin da bai yi kama da gaskiya ba, alamar cewa wasu ne ke zaunawa a madadin masu jarrabawar. An soke sakamakon duk mutum 1,955 da suka zauna a wurin. Daga cikinsu an zargi 48 da suka riga suka shiga kundi da 669 masu neman shiga da hannu a maguɗi, sauran kuma, waɗanda su ne mafi rinjaye, aka ce su sake jarrabawar. Mugu ɗaya ya ɓata gari: mutanen da ba su aikata komai ba sun yi watanni suna jira, wasu sun rasa tayin aiki, kuma zargin ya shafi sunan nas-nas 'yan Najeriya gaba ɗaya a idon wasu abokan aikinsu.

Kashi na biyu, OSCE, a Birtaniya kaɗai ake yin sa, a cibiyoyin da a 2024 suka haɗa da na jami'o'in Northampton da Oxford Brookes da Ulster da Northumbria da na asibitocin koyarwa na Leeds. Gwaji ne na aiki a aikace mai tashoshi goma. Huɗu daga ciki suna bin mara lafiya ɗaya tun daga duba halinsa, zuwa tsara kulawarsa, da aiwatar da ita, da auna sakamakonta. Huɗu na gwada ƙwarewar hannu, kamar wanke ciwo ba tare da shigar da ƙwayar cuta ba ko yin allura. Biyu kuma rubutu ne kan ɗa'ar sana'a da amfani da sakamakon bincike. Wani lokaci ɗan wasa ne ke kwanciya a matsayin mara lafiya, wani lokaci mutum-mutumi, kuma mai duba jarrabawa yana gefe yana lura da agogo.

A nan ne gogaggun ma'aikata suke shan mamaki. Nas da ta shekara goma a ɗakin gaggawa, wadda ta saba kula da gadaje talatin ita kaɗai cikin dare, tana iya faɗuwa saboda ba ta furta da baki cewa ta tabbatar da sunan mara lafiya da ranar haihuwarsa ba, ko ba ta tambaye shi ko akwai maganin da jikinsa ba ya so ba, ko ta manta neman izininsa kafin ta taɓa shi. Ba ƙarancin ilimi ne ke kayar da ita ba. Gwajin yana auna bin tsarin asibitin Birtaniya ne daki-daki, da faɗin kowane mataki a fili. Akwai hikima a cikin hakan, domin rayukan mutane ake karewa, amma gaskiya ne kuma cewa babu wata tasha a cikin goman da ke auna abin da shekarun aiki suka koya wa mutum. Ana ba da damar zama sau uku, wadda ta faɗi a na ukun sai ta jira wata shida. A 2024 kuɗin duba takardu fam 140 ne, na CBT fam 83, na OSCE fam 794, na shiga kundi kuma fam 153, jimilla fam 1,170, ban da kuɗin jarrabawar Turanci da tantancewar gida da gwajin tarin fuka da tikitin jirgi.

Neman aiki da biza

Mafi yawan masu nema sukan sami tayin aiki ne bayan sun ci Turanci da CBT, kafin OSCE. Asibiti ko gidan kula da tsofaffi da ke da izinin ɗaukar baƙi shi ke ba da takardar shaidar ɗaukar nauyi, da ita ake neman bizar ma'aikatan lafiya da kulawa, wadda aka fito da ita a watan Agusta 2020. Bizar ta fi ta sauran ma'aikata araha, kuma an yafe wa masu ita harajin lafiya da sauran baƙi ke biya. Wadda ta shiga ƙasar ta wannan hanya ana sa ran ta zauna OSCE karon farko cikin mako 12, ta kuma kammala rajista cikin wata takwas. Kafin nan aikin mataimakiya take yi da ƙaramin albashi. Da zarar lambarta ta fito sai ta hau mataki na biyar na tsarin albashin NHS, wanda a Ingila ya fara daga fam 29,970 a shekara a 2024 zuwa 2025.

Ga 'yan Afirka ta Yamma akwai ƙarin shinge. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya tsakanin ƙasashe, ta kuma fitar da jerin ƙasashen da ƙarancin ma'aikata ya yi wa tsanani, 47 a 2020 da 55 a 2023. Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan duk suna ciki. Birtaniya ta ɗauki jerin ta mayar da shi nata jan jeri, inda ta hana asibitoci da kamfanonin dillancin ma'aikata zuwa farautar ma'aikata a waɗannan ƙasashe, amma ta bar wa kowane mutum damar neman aiki da kansa kai tsaye. Manufar ita ce kare asibitocin ƙasashe matalauta, kuma duk wanda ya ga yadda nas ɗaya ke riƙe da ɗakin haihuwa a ƙaramin asibitin karkara ya san ba maganar banza ba ce. Sai dai ƙaurar ba ta tsaya ba. Abin da ya canza shi ne 'yar Indiya ko Filifin tana iya zuwa cikin ayari da asibiti ya shirya, da masauki da horon OSCE da mai tarbarta a filin jirgi, ita kuwa 'yar Najeriya sau da yawa ita ke cike fom bayan fom a shafin ayyukan NHS, ita ke ɗaukar mafi yawan ɗawainiyar, kuma ita ce ta fi saurin faɗawa hannun 'yan damfara masu sayar da takardar ɗaukar nauyi.

Wasu, ganin hanyar ta yi tsawo, sun shiga ƙasar a matsayin masu kula da tsofaffi bayan an buɗe wannan ƙofa a 2022, da niyyar kammala rajista daga ciki. An sami rahotanni masu yawa na zalunci a wannan fanni, daga karɓar maƙudan kuɗi zuwa rashin ba da sa'o'in aikin da aka yi alkawari. Gwamnati ta hana masu wannan aiki zuwa da iyali a watan Maris 2024, ta kuma rufe ɗaukar su daga waje a watan Yuli 2025. Wani tarkon da ƙungiyoyin ƙwadago irin su RCN da UNISON suka daɗe suna kuka da shi shi ne sharaɗin biyan tara idan ma'aikaciya ta bar aiki kafin wa'adi. Tunda bizarta a ɗaure take da mai ɗaukar aikinta, irin wannan sharaɗi yakan sa ta yi shiru a kan abin da bai kamata a yi shiru a kansa ba.

Bayan samun lamba

Matsalar da aka fi ambata a wannan mataki ita ce ta rashin lissafa shekarun aiki. Wadda ta kai matsayin shugabar sashe a ƙasarta takan fara daga ƙasan mataki na biyar, kafaɗa da kafaɗa da wadda ta fito daga jami'a jiya, ko da yake wasu asibitoci sun fara la'akari da gogewar baya wajen sanya albashi. Alƙaluman da NHS ta Ingila ke tattarawa kan daidaiton launin fata tun 2015 suna nuna cewa baƙaƙe da 'yan Asiya sun yi yawa a ƙananan matakai sun yi ƙaranci a manya, kuma binciken NMC kanta ya nuna cewa masu ɗaukar aiki sun fi kai ƙarar baƙaƙen nas-nas gabanta fiye da yawansu a cikin kundin. Wannan, tare da tsadar haya da ta renon yara, na cikin dalilan da ke sa wasu su mayar da Birtaniya zango, su wuce Ostireliya ko Kanada ko Amurka, inda jarrabawar samun lasisin aikin nas ta NCLEX ke jiran su a ƙasashe biyun ƙarshe.

Rajistar kanta ba ta dindindin ba ce. Ana biyan kuɗin riƙe ta kowace shekara, kuma tun watan Afrilu 2016 sai an sabunta ta duk bayan shekara uku, da shaidar aikin sa'a 450, da ƙarin ilimi na sa'a 35, da rubutattun bayanai biyar kan darussan da ma'aikaciya ta koya a bakin aiki, waɗanda za ta tattauna da wata nas mai rajista kafin a tabbatar mata.