Nowzad (ƙungiyar ceton dabbobi)

Nowzad ƙungiyar agaji ce ta Birtaniya mai ceton karnuka, maguna da jakunan da yaƙi ya bari ba mai kula da su a Afganistan. Paul Farthing, wanda aka fi sani da Pen Farthing, tsohon saje a rundunar kundumbala ta sojan ruwan Birtaniya, shi ya kafa ta a 2007. Ta ci sunan garin Now Zad ne da ke lardin Helmand.

A 2006 aka tura Farthing garin, lokacin da ɓarin wuta ya kori yawancin mazaunansa, karnuka suka rage suna kiwon kansu a kango. Wata rana ya tarar ana haɗa karnuka faɗa, ya shiga ya raba. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka yanke wa kunnuwa kamar yadda ake yi wa karnukan faɗa don kada abokin karawa ya sami wurin kamawa, ya liƙe masa har sansani. Dokar soja ba ta yarda a ajiye dabba ba, amma ya riƙa ba shi abinci, ya raɗa masa suna Nowzad, daga baya kuma ya yi ɗawainiyar kai shi Ingila.

Aikin farko na ƙungiyar shi ne sada sojojin ƙetare da karnukan da suka shaƙu da su a bakin daga. Abin ba ɗauka ka tafi ba ne. Afganistan na cikin ƙasashen da cutar haukan kare ta yi katutu, don haka sai an yi wa kare allurar rigakafi, an dasa masa ɗan ƙanƙanin guntun shaida a ƙarƙashin fata, an gwada jininsa, sannan ya yi watanni yana jira kafin a sa shi a jirgi. A hankali aikin ya faɗaɗa: matsuguni da asibitin dabbobi a Kabul, wurin kula da jakunan da aiki ya galabaitar, da kamo karnukan titi a yi musu rigakafi, a hana su haihuwa, a mayar da su inda aka ɗauko su. Wannan ɓangaren ne ya fi amfanar mutanen Kabul kai tsaye, tunda cizon mahaukacin kare ya fi faɗa wa yara. Cikin likitocin dabbobin da ta ɗauka aiki har da mata 'yan ƙasar. A 2014 tashar CNN ta ba Farthing lambar gwarzonta na shekara.

Sunan Nowzad ya fi yin amo a watan Agustan 2021. Bayan Taliban ta shiga Kabul ranar 15 ga wata, Farthing ya ce ba zai fita ba sai da ma'aikatansa da dabbobin, magoya baya kuma suka tara kuɗin jirgin shata. Ranar 26 ga wata, ranar da ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe sojojin Amurka 13 da 'yan Afganistan kusan 170 a ƙofar filin jirgin, ayarinsa ya isa can amma aka mayar da shi saboda takardu. Kwana biyu bayan haka jirgin ya tashi da Farthing, da karnuka da maguna fiye da 150 a wurin kaya, sauran kujerun fasinja kuwa wayam. Ma'aikatan da iyalansu sai a watan Satumba suka tsallaka Pakistan ta ƙasa.

Lamarin ya tada ƙura a Birtaniya. Ministan tsaro Ben Wallace ya yi ƙorafin cewa batun ya cinye lokacin jami'ansa, alhali tafintocin da suka yi wa sojoji aiki na maƙale a ƙofa. Farthing ya kare kansa da cewa dabbobin ba su tare kujerar kowa ba. Firaminista Boris Johnson ya musanta sa baki a fitar da su, amma kwamitin harkokin waje na majalisar dokoki, a rahotonsa na Mayun 2022, ya soki fifikon da aka ba Nowzad. Daga 2022 ƙungiyar ta fara kai agaji ga matsugunan dabbobi a Yukiren.