Me ke sa ƙaramin gari ya karkata ɓangare guda a zaɓe?

Da gaske ne mutanen ƙaramin gari kan bi jam'iyya ɗaya?

Sau da yawa haka ake gani, amma ba don tunaninsu ɗaya ba ne. Garin da ke da mutum dubu biyu ko uku, abincinsa ta hanya ɗaya ko biyu yake shigowa: noma, haƙar ma'adinai, ko wata masana'anta guda. Duk dokar da ta taɓa wannan hanyar ta taɓa tukunyar kowa, don haka ba abin mamaki ba ne a ga ƙuri'u sun nufi wuri ɗaya.

Sai kuma idon jama'a. A babban birni kana iya saɓa wa maƙwabcinka ku shekara ba ku haɗu ba. A ƙaramin gari kuwa, wanda kuka yi musun siyasa da shi da safe shi ne zai gyara maka mota da yamma, matarsa ce kuma malamar ɗanka. Masu ra'ayi dabam suna nan, bakinsu kawai suke kamewa. A 1940, masanin zamantakewa Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa sun bi diddigin masu zaɓe a gundumar Erie da ke jihar Ohio ta Amurka. Suka gano cewa hira da dangi da abokai ta fi rediyo da jarida tasiri, kuma yaƙin neman zaɓe kansa mutane kaɗan ya sauya wa ra'ayi.

To, ko yaushe masu ra'ayin mazan jiya ne?

A Amurka da Yammacin Turai na yau, galibi can suka karkata. A zagaye na biyu na zaɓen Faransa na 2022, birnin Paris ya ba Emmanuel Macron kusan kashi 85 cikin ɗari, alhali Marine Le Pen, mai tsattsauran ra'ayin riƙau, ta cinye ɗimbin ƙananan garuruwa. Sai dai wannan ba doka ba ce. Marinaleda, wani ɗan gari na leburorin gona a kudancin Sifaniya, ya riƙe magajin gari ɗan gurguzu, Juan Manuel Sánchez Gordillo, daga 1979 har 2023.

Tun a 1913 masanin siyasa André Siegfried ya nazarci yammacin Faransa, ya ga yankunan da gidaje suke warwatse, ƙasa tana hannun manyan masu gonaki, coci kuma yana da ƙarfi, su ne ke zaɓen masu ra'ayin riƙau. Inda ƙananan manoma suka mallaki gonakinsu suna zaune a dunƙule, sai ƙuri'a ta koma ɗaya ɓangaren. A ganina har gobe tambayar da ta fi amfani ita ce wa ya mallaki abin da garin ke ci da shi.

Ai a ɓoye ake kaɗa ƙuri'a, ta ina matsi zai shigo?

Ƙuri'ar sirri irin ta yau ta fara a Ostareliya a 1856, Birtaniya ta ɗauke ta a 1872, musamman don kada mai gona ko mai masana'anta ya san abin da ɗan aikinsa ya zaɓa. Amma idan masu zaɓe ba su da yawa, lissafi kan tona asiri. Dubi Dixville Notch, wani ɗan ƙauye a jihar New Hampshire ta Amurka, inda tun 1960 ake kaɗa ƙuri'a da tsakar dare. A 2020 mutum biyar ne suka yi zaɓe, duka biyar suka ba Joe Biden. Wane sirri ya rage? A 2024 su shida ne, aka tashi uku da uku tsakanin Kamala Harris da Donald Trump.

Idan ɗan takara ɗan garin ne fa?

Nan jam'iyya kan ja da baya. Masanin siyasa V. O. Key ya nuna a 1949 cewa a kudancin Amurka ɗan takara kan kwashe ƙuri'un yankinsu fiye da ko'ina. Mutane sun san mahaifinsa, sun kuma san ƙofar da za su ƙwanƙwasa in gada ta karye.

Gari kan sauya sheƙa kuwa?

Yakan sauya, kuma idan ya tashi yi sai ka ce a dare ɗaya ne, alhali abin ya daɗe yana cin ƙasa. Gundumar McDowell ta jihar West Virginia a Amurka, yankin haƙar kwal, tana da kusan mutum dubu 100 a 1950, a ƙidayar 2020 ba su kai dubu 20 ba. Shekara da shekaru tana hannun jam'iyyar Democrat, har Barack Obama ta zaɓa a 2008. A 2016 sai ta ba Trump na jam'iyyar Republican kusan kashi uku cikin huɗu na ƙuri'unta. Ramukan kwal sun rufe, ƙungiyar ƙwadagon da ke haɗa kan ma'aikata ta raunana, matasa sun tafi neman aiki. Haka aka yi a mazaɓar Bolsover ta Ingila a 2019, inda Dennis Skinner na jam'iyyar Labour, tsohon mahaƙin kwal, ya rasa kujerar da yake kai tun 1970.

Ana iya hasashen zaɓen ƙasa daga sakamakon ƙaramin gari?

A'a. 'Yan jarida na son irin wannan labarin don yana fitowa da wuri, amma ƙuri'u kaɗan ba ma'auni ba ne. A 1960 duka masu zaɓe tara na Dixville Notch Richard Nixon suka zaɓa, John Kennedy ne ya shiga fadar White House.