Waiwaye: Wa ya cancanci a kira shi injiniyan manhaja?

A ƙarshen shekarar 2023 majalisar dokokin lardin Alberta da ke Kanada ta gyara doka, ta ba masu rubuta manhajar kwamfuta damar kiran kansu injiniyoyin manhaja ko ba su da lasisi. Gab da hakan, hukumar injiniyoyin lardin, APEGA, ta sha kaye a kotu a ƙarar da ta kai kamfanonin Getty Images da Jobber don sun sa laƙabin a tallan neman ma'aikata.

Tsofaffin injiniyoyi ba don son girma kaɗai suke kishin sunan ba. A 1907 gadar Kebek da ke Kanada ta rufta ana tsaka da gininta, ma'aikata 75 suka mutu, bincike kuma ya ɗora laifin a kan kurakuran waɗanda suka tsara ta. A shekarar ce kuma jihar Wayomin ta zama ta farko a Amurka da ta wajabta wa injiniyoyi lasisi. Ƙa'idar ba ta da wuyar ganewa: wanda ya sa hannu ya buga hatimi a kan zanen aiki, shi za a kama in abu ya lalace. Tun 1925 sababbin injiniyoyin Kanada ke sa zoben ƙarfe a ƙaramin yatsan hannun da suke aiki da shi, yadda zai riƙa gogar takarda yana tuna musu nauyin da ke wuyansu.

Masu manhaja ta wata ƙofa suka shigo. A 1968 ƙungiyar NATO ta shirya taro a Garmisch ta Jamus, a lokacin da manyan ayyukan kwamfuta ke cin kuɗi fiye da kima suna wuce wa'adi. Da gangan aka sa wa taron sunan injiniyancin manhaja, don a zaburar da masu sana'ar su koyi tsari irin na magina gada. Wato fata ne, ba shaidar cewa an riga an kai ba. Daga 1985 zuwa 1987 aka ga illar rashin tsarin a zahiri, inda na'urar gashin cutar daji ta Therac-25 ta zuba wa majinyata shida hasken da ya wuce misali saboda kurakuran manhaja, wasu suka rasa ransu.

An gwada ba masu manhaja lasisin kuwa. Jihar Tekzas ta fara bayarwa a 1998, amma babbar ƙungiyar masana kwamfuta, ACM, ta ƙi amincewa, tana ganin fannin bai nuna ba tukuna. A 2013 aka buɗe jarrabawar ƙasa ta neman lasisin injiniyan manhaja a Amurka, aka rufe ta bayan 2019, domin a zama biyar na farko mutum 81 kacal suka rubuta. Ina dalilin wahala, tunda kamfanonin da ke biyan albashi mai tsoka ba sa tambayar takardar? A Kebek an taɓa cin Microsoft tarar dala 1,000 a 2004 saboda sunan injiniya da ke jikin takardar shaidar da yake bayarwa, kuɗin da bai kai na shayin ma'aikatansa ba.

A ganina masu manhaja sun karɓi rawanin ne suka bar hidimar sarautar. Mai rubuta wasan waya ba ya buƙatar hatimin kowa, amma wanda ke rubuta abin da ke juya birkin mota ko injin asibiti ya kamata a san sunansa a gaban doka.

A Najeriya hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, yayin da masu sana'ar kwamfuta ke da tasu hukumar daban, CPN, tun 1993. Kamfanonin fasaha na Legas dai gwajin rubuta manhaja suke ba mai neman aiki, in ya ci a sa masa injiniya a katin shaida.