Tattalin kuɗi ga ɗalibi a Damagaram

Tattalin kuɗi shi ne sanin inda kuɗin mutum ke fitowa da inda suke tafiya, da abin da zai ajiye, da abin da zai juya, da kuma rabon da hukuma ke karɓa a ciki. Ga ɗalibin da ke karatu a Damagaram, wato Zinder, ko a Jami'ar André Salifou wadda aka kafa a 2010, ko a makarantun koyon sana'a da na lafiya, matsalar ba ta tsaya ga ƙarancin kuɗi ba. Abin da ya fi wahala shi ne kuɗin ba su da ranar zuwa, alhali cefane da haya da kuɗin kabu-kabu suna da tasu ranar, shi ya sa lissafin ɗalibi ya sha bamban da na ma'aikacin da ke jiran albashi a ƙarshen wata.

Kuɗin da ake hannu da su

Kuɗin Nijar shi ne sefa, wanda ƙasashe 8 na UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta yammacin Afirka, ke amfani da shi, wato Nijar da Benin da Burkina Faso da Kodibuwa da Gini Bisau da Mali da Sanagal da Togo, kuma babban bankin BCEAO mai hedikwata a Dakar ne ke fitar da shi. An ɗaure darajarsa da ta yuro, inda yuro 1 yake daidai da sefa 655.957, kuma tsofaffin ƴan kasuwa ba su manta da watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. A kasuwa kuwa ba da sefa ake ƙirga ba, da dala ake yi: dala 1 sefa 5 ce, dala 20 sefa 100, jika kuma sefa 1,000. Ɗalibin da ke rubuta lissafinsa ya kamata ya tsaya kan ƙirga guda, domin wanda ya rubuta 200 yau da nufin dala, gobe ya rubuta 200 da nufin sefa, ya ɓata littafinsa da hannunsa.

Damagaram tana kallon Kano tun zamanin fatake, kuma da yawa daga cikin kayan da ke Kasuwar Dole ta hanyoyin Matamaye da Magariya suke shigowa, saboda haka naira tana taɓa aljihun ɗalibi ko da bai taɓa riƙe ta ba. Da Najeriya ta saki darajar naira a watan Yunin 2023, mai sefa ya ga kayan Kano sun yi masa araha, wanda iyayensa ke aiko masa da naira kuwa ya ga abin da yake samu wajen ƴan canji ya ragu ƙwarai. Rufe iyaka da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, lokacin da cire kuɗi a banki ya yi wuya, sun nuna cewa ajiye komai a wuri guda, ko a kuɗin ƙasa guda, yana da nasa haɗarin.

Kuɗin shiga da kasafi

Kuɗin ɗalibi kan fito ta hanya uku: abin da iyaye da dangi suka aiko ta kamfanonin aika kuɗi irin Nita ko Al Izza ko Amana ko ta asusun waya irin Airtel Money, tallafin karatu na gwamnati da hukumar ANAB ke rabawa, da kuma abin da ya samu da guminsa, kamar koyar da yara darasi a gida, gyaran waya, ɗinki ko sayar da kayan sawa. Tallafin gwamnati kan zo a dunƙule, na watanni a haɗe, kuma yakan yi jinkiri, don haka kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki kuɗin wata uku tamkar na wata ɗaya. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba abin da ya zo da yawan makonnin da ake sa ran za a yi kafin wani ya zo, a ƙara mako biyu ko uku na jinkiri, a fara cire haya da abinci da kuɗin takardu, sa'annan a dubi saura. A misali, wanda ya karɓi sefa 90,000 da zai kai shi mako 15 yana da 6,000 ne kawai a mako, ko da aljihunsa na gaya masa wani abu dabam a ranar farko.

Akwai wani kashi da littattafan lissafi na Turai ba su cika sanya wa suna ba, amma ɗalibin Damagaram ya san shi sarai, wato kuɗin zumunci: gudummawar biki da suna, tsarabar komawa ƙauye, da ɗan abin da ake miƙa wa ƙane. Hana kai wannan ba ya yiwuwa, kuma ba shi da kyau, amma ware masa adadi tun farko ya fi barin shi ya cinye kuɗin abinci.

Ajiya da bashi

Adashe shi ne hanyar ajiya da aka fi sabawa da ita. Idan ɗalibai 10 suna zubin sefa 2,000 kowane wata, kowa zai kwashi 20,000 sau ɗaya a wata goma. Wanda ya fara kwasa ya samu bashi ba ruwa, wanda ya kwasa a ƙarshe kuwa ajiya ya yi ba ƙari, kuma shi ne ke ɗauke da haɗarin wani ya daina zubi. Adashe ba ya haihuwa, amfaninsa shi ne yana tilasta wa mutum ajiya. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, ya ƙara masa wani abu, domin a can asusun yana ba mambobi rance su mayar da ƙari, a raba ribar a ƙarshen zango.

A banki, asusun ajiya mai littafi yana ba da ƙarin kashi 3.5 cikin 100 a shekara a ƙasashen UEMOA, wato sefa 100,000 su zama 103,500. Sai dai wannan adadi ba ya da ma'ana sai an gwada shi da tashin farashi: idan kayan masarufi sun tashi da kashi 5 cikin 100 a wannan shekara, mai ajiyar ya ga lambar ta ƙaru amma abin da za ta saya ya ragu. Dole kuma a lissafa kuɗin cirewa da na aikawa, domin wanda ke cire ƴan kuɗi kaɗan-kaɗan daga wayarsa sau da yawa yakan biya fiye da wanda ya cire sau ɗaya.

Bashi shi ne inda ɗalibai suka fi cutuwa, saboda ana faɗin ruwansa a wata, ba a shekara ba. Wanda ya ranci 10,000 zai mayar da 11,000 bayan wata guda yana biyan kashi 10 cikin 100 a wata, wanda ya kai 120 a shekara, alhali iyakar da aka ƙayyade a yankin UEMOA a 2014 ita ce kashi 15 a shekara ga bankuna da 24 ga ƙananan asusun ba da rance. Yawancin mutanen Damagaram Musulmi ne, kuma kuɗin ruwa haramun ne a shari'a, shi ya sa da yawa suke neman hanyoyin da bankunan Musulunci irin su Banque Islamique du Niger ke bi, kamar murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar wa mutum da ribar da aka sani tun farko, ko ƙiradi, inda ɗaya ya kawo jari ɗaya ya kawo aiki, su raba riba bisa rabon da suka yarda.

Zuba jari

Jari shi ne kuɗin da aka sa a wani abu domin ya dawo da ƙari, kuma bambancinsa da ajiya shi ne yana iya komawa ƙasa. Ka'idar farko ita ce raba uwar kuɗi da riba. Ɗalibin da ya sayi rago 40,000 watanni kafin babbar salla, ya kashe 15,000 a dusa da harawa da magani, ya sayar 65,000, ribarsa 10,000 ce, ba 25,000 ba, kuma da ragon ya mutu, duka 55,000 sun tafi. Haka sayen gero ko wake da kaka a ajiye zuwa lokacin da hatsi ya yi ƙaranci kafin sabon amfani: yawanci farashi kan tashi, amma akwai kuɗin buhu da ɗaki da ɓarnar ƙwari, kuma shekarar da gwamnati ta fito da hatsi a farashi mai rahusa, mai ajiyar na iya sayarwa ƙasa da yadda ya yi tsammani. Fa'idar irin wannan jarin ga ɗalibin Damagaram ita ce ya san kayan, ya san kasuwar, kuma yana da wanda zai tambaya a gida.

Akwai kuma kasuwar hannun jari ta yankin, BRVM, da ke Abijan, wadda ta fara aiki a 1998. Mai hannun jari ya mallaki wani ɗan yanki na kamfani, yana samun rabo idan an raba riba, kuma hannun nasa na iya tashi ko faɗuwa. Bank of Africa Niger na cikin kamfanonin da ake cinikin hannayensu a can. Ba a saye kai tsaye, sai ta hannun kamfanonin dillanci masu izini da ake kira SGI. Takardun bashin gwamnati kuma, waɗanda ake sayar da guda a sefa 10,000, rance ne da mutum ke ba wa baitulmali a biya shi da ƙari. Duk wani shiri da ke yawo a WhatsApp yana alkawarin ninka kuɗi cikin mako, musamman idan ya ce sai an kawo wasu mutane, ba ciniki yake yi ba: kuɗin sababbi yake ba tsofaffi, kuma ranar da sababbi suka ƙare, shirin ya watse.

Haraji

Ɗalibai da yawa suna ɗauka haraji, ko lanho kamar yadda ake cewa a Nijar, na masu albashi ne da manyan ƴan kasuwa, alhali kowa yana biya ta hanyar harajin TVA da ke cikin farashin kaya. Adadinsa na gama-gari a Nijar kashi 19 cikin 100 ne, wato kayan 10,000 su zama 11,900, ko da yake an sauƙaƙa wa wasu kayan masarufi. Idan ɗalibi ya kama aiki, harajin albashi da ake kira ITS tun daga wurin mai biya ake cire shi, kuma hawa-hawa ne, daga kashi 1 zuwa 35 cikin 100, kowane mataki yana shafar ɓangaren albashin da ya faɗa cikinsa kaɗai. Ana kuma cire rabon asusun CNSS na fansho, don haka albashin da aka faɗa a yarjejeniya ya fi wanda ke shiga hannu. Wanda ya buɗe shago ko wata sana'a yana buƙatar lambar NIF, wato lambar shaidar mai biyan haraji, daga hukumar haraji ta DGI, wadda ba a samun kwangilar hukuma sai da ita, kuma ƙananan masu sana'a suna da haraji dunƙulalle mai sauƙin lissafi, ban da kuɗin kasuwa da na rumfa da ma'aikatar magajin gari ke karɓa. Kowane biya ya kamata a karɓi takardar shaidarsa a adana.

Zakka dabam take da haraji, kuma biyan ɗaya ba ya ɗauke ɗaya. Zakkar kuɗi da ta kayan ciniki kashi 2.5 cikin 100 ce, ana fitar da ita idan dukiya ta kai nisabi, wato dinari 20 ko kimanin giram 85 na zinari, kuma shekara ta zagayo a kanta, abin da ɗalibai kaɗan ne ke kaiwa. Zakkar hatsi kuwa ba ta jiran shekara, ranar girbi ake fitar da ita idan amfanin ya kai nisabi, kashi 10 cikin 100 ga noman damina, kashi 5 ga wanda aka shayar da wahala, kuma wannan ta fi shafar ɗaliban da ke komawa gona a Mirya ko Tanut da hutun damina.